Tukunyar Iska Ɗaya Tsakanin Surukai

Jidda, matso da kujerarki nan. Kai ma Faruku, ɓarawon matata, ajiye wayar nan ka saurare ni. Tun ɗazu ina jin ku daga kicin, wai kun yi booking, jirgi zai kai ku tsakiyar teku ku da wasu baƙi ku yi nutso, har da baban Jidda a tafiyar. Da na yi magana sai ka ce mini, "It's easy, Kaka, akwai masu kula da mu." Easy! To ni ne mai kular nan, shekara da shekaru, tun surukin naka bai iya ɗaura wando ba. Ku ji yadda aikin yake, in ya so ku je ku yi easy ɗinku.

Ni mutumin Yawuri ne, gidanmu Sarkawa ne, a cikin kwale-kwale na buɗe ido. Jirgin dakon kaya ya kawo ni daga Ikko zuwa tashar Tilbury kusa da London, na sauka ban koma ba. Aikin da na fara samu a wani ɗan shago ne a gabashin London, na wani Bature mai jan gemu, sunansa Ron. Yana sayar da kayan nutso, da hunturu ya koya wa mutane a swimming pool, in rana ta fara fitowa ya loda su a mota zuwa bakin tekun kudu, inda ya ɗaure wani tsohon jirgin kamun kifi. Ranar da na je na buga ƙirji na ce masa ni ɗan ruwa ne, kakannina ma 'yan ruwa ne. Bai yi musu ba. Ya ce madalla, ya miƙo mini tsintsiya.

Daga shara aka ciyar da ni gaba zuwa dura iska. Tukunyar ƙarfe ce da mai nutso ke goyawa a baya, za ka tsoma ta a kwatarniyar ruwa don kada ta yi zafi, ka haɗa ta da inji, ka tsaya a kanta. In ta cika sai ka buɗe kaɗan ka sansana, har ka ɗanɗana da harshe. In ka ji ƙamshin mai ko hayaƙi, zubar da ita za ka yi ka sake, don abin da ba zai dame ka a tudu ba zai iya sumar da kai a ƙasan ruwa. Rigar roba kuwa ba saye ake ba a lokacin. Fallen roba muke shimfiɗawa a ƙasa, mutum ya kwanta a kai, in zagaye shi da alli, in yanka, mu manne da gam. Dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu don mutum ya nutse, a tsohuwar tukunyar matar Ron muke narkar da ita, har ranar da matar ta gane inda tukunyarta ta shiga.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne mance abin da na iya. A kogin Kwara in za ka nutse, numfashi kake riƙewa. Da tukunyar iska a baya kuwa, riƙe numfashi shi ne ajali. Ron ya hura balan-balan a ƙasan pool ya sake ta, ta yi ta kumbura tana hawa, kafin ta kai sama ta fashe. Ya nuna ƙirjina ya ce haka huhuna zai yi. Tun daga ranar ko a mafarki na nutse, fitar da numfashi nake yi. Ku riƙe wannan ko da kun mance komai: kana hawowa, kana fitar da iska, kuma kada ka wuce ƙananan kumfan da suke fita daga bakinka.

Ranar fita teku, tun kafin gari ya waye muke barin London, don ruwa yana da lokacinsa na kwanciya kuma ba ya jiran kowa. Wanda ya makara sai ya tarar igiyar ruwa ta tashi. Na ga masu zuwa da jaka uku kamar za su Makka, su barbaza kaya a tsakiyar jirgi, wannan ya taka gilashin wancan, wancan ya sa takalmin agwagwar wani. Jaka ɗaya, a ƙarƙashin mazauninka, shi ke nan. Na ga kuma masu cika ciki da ƙwai da wake kafin a tashi. Wani malamin makaranta, ƙato, ya yi ta ba ni labarin yadda ya ƙetare teku a soja, ko fita daga tashar ba mu yi ba amai ya taso masa. Abin haushin, ya je ya yi aman a gefen da iska ke busowa, duk ya dawo mana. Ku ci kaɗan, ku kalli inda sama ta haɗu da ruwa, in kuma abin ya zo, ku duba inda iska ta nufa tukuna.

In mai jirgi ya tsaya yana bayani, a yi shiru, ko da kun ji irinsa sau goma. A nan ake faɗin inda ruwa ke ja, da inda igiyar sauka take, da abin da za ka yi in ka ɓata. Gilashin fuska, tofa masa yawu ake yi a goga don kada ya yi hazo. Na'am, Jidda, yawu, daina yatsina fuska. Kunne in ya fara ciwo a hanyar sauka, tsayawa ake yi a toshe hanci a hura a hankali, ba a yi masa jarumta. In an dawo kada ka tsaya ƙarƙashin tsani wani yana hawa, in ya zamo da tukunya a baya kanka zai sauka. In ana kiran suna kuma kowa ya amsa da bakinsa. Ba na karɓar "yana nan" daga bakin wani.

Sai shekarar wahala ta zo. Man fetur ya yi tsada a ƙasar nan, ana ɗauke wuta a London sai ka ce gida, injin dura iska ya zauna, jirgi ya zauna, masu zuwa suka ɗauke ƙafa. Na koma wanke kwanoni a wani gidan abinci, Ron ya fara zancen sayar da jirgi. Ikon Allah, man da ya durƙusar da mu shi ya tayar da mutanenmu. Sai ga 'yan Arewa sun cika gari, ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa, kowa da babbar riga da kwat a kai. A masallacin Regent's Park ranar Juma'a sai ka rantse a Fagge kake.

A can na haɗu da Alhaji Sule, ɗan kasuwar siminti daga Kano, mutum mai jiki da dariya. Ya ji an ce aikina nutso, ya riƙe hannuna bai saki ba. Wai ya gani a talabijin mai kala, mutane suna yawo cikin kifaye, kuma shi yana yaro babu kududdufin da bai ƙetare ba a Kano.

Ya ce, "Sarkin Ruwa, duk abin da Bature ya yi da ƙafa biyu, ni ma zan yi. Yaushe za mu fara?"

Ya zo pool da wani saurayi siriri a bayansa riƙe da jaka. Kabiru ke nan, ɗalibi, mijin Binta 'yar Alhaji, wadda a lokacin take da tsohon ciki. Shi tafinta ya zo yi. Alhaji ya waiwaya ya ce, "Malam Kabiru, kai ma a yanka maka riga." Kabiru ya durƙusa ya ce, "To, Baba." Ko iyo bai iya sosai ba, amma wa zai ce wa surukinsa a'a?

Ku yaran London ba za ku gane ba. Kai Faruku, da idona na gan ka ka sa hannu a farantin surukinka ka ɗauki cinyar kaza kana ce masa Dad. Kabiru kuwa ko ruwa ba ya sha a gaban Alhaji. Ba ya kallon fuskarsa, ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi, in Alhaji ya shigo ɗakin canja kaya shi sai ya fita ya tsaya a sanyi. Tarbiyya ce, kuma ni ma da ita aka rene ni, har gobe ina ganin kyanta. Sai dai nutso bibbiyu ake yi, kuma duk aikin abokin nutso shi ne ya kalli idonka, ya taɓa kayanka, ya tambaye ka da hannu. In ya haɗa babban yatsa da manuni ya yi zobe, yana tambaya ne ko lafiya. In lafiya ce ka mayar masa da zoben. In ba lafiya ba, ka shimfiɗa tafin hannu ka karkaɗa shi, ka nuna inda ke damunka. Mu kuwa Bahaushe ko a gadon mutuwa ka tambaye shi, lafiya lau zai ce.

Akwai wani darasi da kowa sai ya yi. A zamaninmu robar baki ɗaya ce a jikin kowace tukunya, ba kamar yanzu da ake rataya ta biyu ba. In iskar abokinka ta ƙare, taka za ka cire daga bakinka ka sa masa, ya shaƙa sau biyu, ka karɓa ka shaƙa sau biyu, haka har ku fito. Duk ranar da aka zo wannan darasi, sai Kabiru ya zame ya zo wajena, Alhaji ya yi da Ron. Dukansu sun iya, amma ba su taɓa yi da juna ba.

Da Alhaji ya ɗauki hayar jirgin ranar farko ta fita teku, Ron har rawa ya taka, don wannan hayar ce ta hana shi sayar da jirgin. Muka cika da wasu 'yan koyo Turawa, aka tashi. Da aka zo haɗa mutane bibbiyu, Ron ya haɗa Alhaji da Kabiru. Na ja shi gefe na ce a raba su, ga dalili. Ya kasa fahimta. A ganinsa wa zai kula da mutum fiye da danginsa? Na koma wajen Alhaji, shi kuma ya yi dariya ya ce, "Haba Sarkin Ruwa, ga ɗana a jirgi, in bi bayan wani?" Kabiru yana gefe yana kallon yatsun ƙafarsa. Na duba kayansu da hannuna ɗaya bayan ɗaya, na ja kunnen Kabiru na ce a ƙasan ruwa babu suruki, ya ce to.

Tukwanen lokacin ba su da agogon da ke nuna sauran iska. Wani siririn ƙarfe ne a gefen tukunya, ta bayan kafaɗa. In ka ji numfashi ya fara tauri sai ka ja shi ƙasa, ya sakar maka iskar ko-ta-kwana wadda za ta kai ka sama. Amma in wani abu ya ja shi tun da wuri ba ka sani ba, to ka shanye ko-ta-kwanar tare da sauran. Kai ba ka iya ganin naka. Abokinka ne zai riƙa duba maka.

Ranar ni ne mai gadin kumfa. Ina zaune a bakin jirgi da kayana a jiki, ina kallon ruwa, don daga sama kumfa ce kawai ke gaya maka abin da ake ciki. A ƙasa akwai wani tsohon jirgi da ya nutse, zurfinsa kamar bene mai hawa huɗu, can suka sauka ta jikin igiya. Kumfar Alhaji ba ta ɓuya, manya-manya, mutum mai jiki yana zuƙar iska da gaske. Ta Kabiru 'yan ƙanana, kullum a baya, ba ta taɓa zuwa gefe ba. Ina cikin tsaki a raina sai babbar ta tsaya cak. Na miƙe tsaye. Jim kaɗan ta dawo, a wuri ɗaya, amma ƙaramar ta ɓace. Na ƙwala wa Ron kira na faɗa ruwa.

Daga baya na ji yadda aka fara. Ƙarfen Alhaji ya maƙale a jikin tsohon jirgin ya ja ƙasa. Kabiru yana bayansa, da ya ɗaga ido zuwa kafaɗa da ya gani, amma dugadugan Alhaji yake kallo. Da iska ta yanke, Alhaji ya laluba ya ji ƙarfen tuni yana ƙasa. Ya juya ya yi alamar yanka a maƙogwaro, Kabiru kansa a sunkuye. Sai da ya iyo ya ƙwanƙwasa masa kai. Nan take yaron ya cire robar bakinsa ya sa wa Alhaji, wannan kam bai yi wata-wata ba.

Abin da na tarar da idona shi ne sauran. Ruwan kore ne, ba ka gani sai ka matso. Na hango su a gindin igiya. Alhaji ya shaƙa, ya cire, yana miƙa wa Kabiru. Kabiru ya sa hannu biyu yana mayar masa, kai a sunkuye, kamar yadda yaro ke mayar da tsokar nama in babba ya tura masa a kwano. Alhaji ya sake miƙawa, ya sake mayarwa. Wallahi ƙirjin yaron har fizga yake yi, idanunsa sun firfito a cikin gilashi, kuma ya ƙi karɓa. Abin da surukinsa ya sa a baki, a gabansa, shi ya karɓa ya sa a nasa? Ya gwammace ya mutu. Na tsorata ƙwarai, don na san in ya kasa daurewa sama zai harba da numfashi a riƙe, kuma na tuna balan-balan ɗin Ron.

Kafin in isa, Alhaji ya cafki haɓarsa da hannun hagu, ya ɗaga fuskarsa har gilashinsu ya haɗu, ya cusa masa robar a baki da ƙarfin tsiya, ya riƙe. Kabiru ya yi tari, kumfa ta tashi, ya shaƙa. Ya sake shaƙa. Alhaji ya karɓa ya yi nasa biyun, ya mayar, bai saki haɓar ba. Na iso da tawa robar a hannu, amma na ga abin ya fara tafiya daidai, kuma abin da ya daidaita a ruwa ba a taɓa shi. Na kama ɗamarar kowannensu, na maƙale igiya a hammata, muka fara hawa a hankali. Duk wanda ba robar a bakinsa sai in dafa masa ciki don ya tuna ya fitar da iska. Haka muka hau, ido cikin ido, suruki da suruki, ni a tsakiya kamar ɗan rakiya.

Da muka hau jirgi Ron ya yi ta faɗa da Turanci, gemu yana rawa, babu mai sauraronsa. Na lulluɓe su da barguna. Kabiru ya ja jiki zuwa can ƙarshen jirgi ya tsuguna. Alhaji ya daɗe yana haki, sannan ya ce, "Malam Kabiru."

"Na'am, Baba."

"Ɗago kai. Na ce ɗago. Yanzu da ka mutu a ƙasan ruwan nan, me zan je in gaya wa Binta da cikinta? In ce mijinki ladabi ya kashe shi?"

Kabiru ya ce, "A yi haƙuri, Baba."

"Ji shi! Ya ba ni ransa kuma yana ba ni haƙuri."

Na zuba shayi mai zafi a murfin fulas, kofin ke nan guda ɗaya da ya rage, na ba Alhaji. Ya sha rabi ya miƙa wa Kabiru. Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya miƙe zai zagaya bayan ɗakin tuƙi ya sha a ɓoye.

Alhaji ya ce, "Ina za ka? Yawuna ka gama sha a ƙasa, shayi ne zai gagare ka? Zauna nan."

Ya zauna ya sha. Ni kam dariya ta ci ƙarfina har na zame a kan jiƙaƙƙen katako. Turawan da suka fito daga baya suka yi ta tambaya me ya faru, na rasa ta inda zan fara.

Kada ku ɗauka kunya ta tafi. Muna taka tudu ta dawo wurinta. Kabiru ya ci gaba da durƙusawa, ya ci gaba da barin ɗaki in an kawo abinci. Sun sake fita da mu sau da yawa, kullum tare, a ruwa kafaɗa da kafaɗa, a mota ɗaya a gaba ɗaya a can baya. Abu ɗaya ne ya biyo su tudu. In an idar da sallar Idi a Regent's Park, Kabiru ya tsuguna ya gaishe shi, sai Alhaji ya yi zoben nan da yatsu, kuma ba ya sauke hannu sai Kabiru ya ɗago ya kalle shi ya mayar. Jama'a sun ɗauka wata gaisuwar 'yan kasuwa ce.

Bayan shekaru, Ron ya rasu, ni na bar ruwa na koma Dagenham, Alhaji ya tsufa. Aka yi sunan wani jikansa a gidansu na London, falo ya cika. Yana zaune a kujerarsa da carbi, duk wanda ya shigo ya ce, "Alhaji, ya jiki?" sai ya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Ni ma na je na riƙe hannunsa, na ji shi da sanyi, na tambaya, ya ce, "Lafiya lau, Sarkin Ruwa," har da tsokanata wai na yi tumbi. Sai Kabiru ya shigo, shi ma furfura ta fara fito masa. Ya tsuguna ya gaishe shi. Sannan ya ɗago kai, ya kalle shi sosai, wannan karon shi ya fara yin zoben.

Alhaji ya dubi falon, ya ga kowa yana harkar gabansa. Ya sauke hannu kusa da gwiwa, ya shimfiɗa tafin, ya karkaɗa shi a hankali, ya nuna ƙirjinsa.

Nan take Kabiru ya miƙe. Ya laluba aljihu ya ciro makullin mota, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin hammatar surukinsa a gaban kowa, ya ɗaga shi. Ciwon zuciya ne, kuma an kai shi asibiti a kan lokaci. Yarinyar nan da Binta take ɗauke da cikinta ranar da muka fita teku, Alhaji da kansa ya ba da aurenta, ina zaune a bayansa a masallaci.

Kai Faruku, ranar da za ku shiga ruwa, ka kalli idon surukinka, kada ka kalli kamara. In ya ce maka lafiya lau, sake tambayarsa da hannu. Ɗana ne, na san halinsa.